Rasa gurbi a NHL ba ƙarshen wasa ba ne

Mutane da yawa suna ɗauka cewa matashin ɗan wasan hokin ƙanƙara na Kanada, idan bai samu shiga babbar gasar hoki ta Arewacin Amurka, wato NHL, ba, shi ke nan tauraronsa ya dusashe. Sam, ba haka ba ne. Ƙungiyoyin NHL 32 ne kacal, ba za su ɗebe kowa ba. Da yawa sukan ƙetara Jamus, Switzalan, Suwidin ko Rasha, suna cin abincinsu da sandarsu.

Dubi Nigel Dawes, ɗan birnin Winnipeg na Kanada. A 2011 ya koma ƙungiyar Barys ta Astana, babban birnin Kazakistan, ya yi suna har ya saka rigar Kazakistan. A Olamfik ta 2018 kuwa, da NHL ta hana 'yan wasanta zuwa, galibi irin waɗannan ne suka ciyo wa Kanada tagulla.