Filin wasan jami'a ba ya cika da ɗalibai kaɗai

A ranar 2 ga Disamba, 2014, shugaban Jami'ar Alabama da ke Birmingham a Amurka, Ray Watts, ya sanar da rushe ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta jami'ar, wato ƙwallon nan irin ta Amurkawa wadda ake runguma a ruga da ita. Hujjar da ya kafa ita ce kuɗi, cewa abin da ake kashe wa ƙungiyar ya zarce abin da jami'ar za ta iya ɗauka. Abin da ya ƙara ɓata wa mutane rai shi ne, a wannan kakar ce ƙungiyar ta fara farfaɗowa a hannun sabon kocinta Bill Clark, ta ci wasa shida aka ci ta shida, sakamakon da ta yi shekara goma ba ta ga irinsa ba. Wata shida bayan haka, a ranar 1 ga Yuni, 2015, Watts ya janye hukuncinsa, domin 'yan kasuwar garin da tsofaffin ɗalibai da sauran jama'a sun yi alkawarin haɗa kimanin dala miliyan 17.

An saba ba da wannan labari a matsayin shaidar ƙaunar da mutanen Birmingham ke yi wa ƙungiyarsu, kuma haka ne. Amma tambayar da ta fi damuna ita ce: ina waɗannan mutane suke a shekarun da ake buga wasa kujeru na fanko? Ba su taɓa barin garin ba. Ba a neme su ba ne yadda ya kamata, kuma ra'ayina shi ne duk jami'ar da ke son filinta ya cika, dole ta ɗauki mutanen garin da take zaune a cikinsa a matsayin masu ƙungiyar tun kafin ranar da za ta buƙaci agajinsu.

Lissafin a bayyane yake. Ɗalibi baƙo ne, shekara huɗu zai yi ya tafi, kuma yawanci ƙungiyar jami'a ba ta buga fiye da wasa shida ko bakwai a gida a kaka guda. Wanda zai zo shekara talatin a jere, ya kawo ɗansa, ɗan ma ya kawo nasa, shi ne mai shagon da ke bakin titi da ma'aikaciyar asibiti da direban bas. UAB, kamar yadda ake taƙaita sunan jami'ar, ta daɗe tana wasa a Legion Field, tsohon fili da aka gina a 1927, mai kujeru sama da 70,000, wanda ba a harabar jami'ar yake ba. A irin wannan fili, ko mutum 20,000 suka zo, gani za ka yi kamar an watse. Ga kuma manyan ƙungiyoyin jihar biyu, ta Jami'ar Alabama da ke Tuscaloosa da ta Jami'ar Auburn, waɗanda suka riga suka raba zukatan mutanen Alabama tun kaka da kakanni. Da ƙungiyar ta dawo wasa a Satumbar 2017, sama da mutum 45,000 ne suka hallara a wancan tsohon filin, shekara guda bayan haka ta lashe kofin rukuninta, a 2021 kuma ta koma sabon fili a tsakiyar birni mai kujeru kusan 47,000. Wanda ya sa kuɗinsa a cikin abu, ba sai an roƙe shi ya zo ya duba shi ba.

Mutumin da ya fahimci wannan tun da wuri shi ne Don Canham, wanda ya zama daraktan wasanni na Jami'ar Michigan a 1968. Ya tarar da fili mai kujeru sama da 100,000, amma dubban kujeru babu kowa a kansu. Canham ɗan kasuwa ne kafin komai, saboda haka bai zauna jiran nasara ta kawo masa jama'a ba. Ya riƙa aika takardun tallar tikiti ta gidan waya zuwa gidajen mutanen da ba su taɓa shiga ajin jami'ar ba, ya sa talla a jaridu, ya kuma karkata tallar ga iyaye mata, bisa fahimtar cewa su ke yanke inda iyali za su yini ranar Asabar. Ya gayyato 'yan badujala na makarantun sakandare, domin ya san duk yaron da zai busa ƙaho a tsakiyar fili, iyayensa da ƙannensa za su biyo shi. Ya ƙarfafa al'adar da iyalai ke zuwa tun da hantsi, su buɗe bayan mota a wurin ajiye motoci, su kafa murhun gawayi, su gasa nama, yara na jifan ƙwallo a tsakanin motoci, har lokacin shiga fili ya yi. Gaskiya ne zuwan koci Bo Schembechler a 1969 ya kawo nasarori, amma tun daga Nuwamban 1975 ba a sake buga wasan gida a gaban ƙasa da mutum 100,000 ba, in ban da kakar annobar korona da aka hana 'yan kallo shiga, kuma cikin waɗannan shekaru har da waɗanda ƙungiyar ta sha kashi.

Masu cewa nasara ce kawai ke kawo 'yan kallo suna da tasu gaskiyar, kuma UAB ɗin ce shaidarsu. Bayan Clark ya ajiye aiki a 2022 saboda ciwon baya, ƙungiyar ta ci wasa huɗu kacal a 2023, uku a 2024, kujerun sabon filin kuma suka fara bayyana fanko. Sai dai abin da wannan ke nunawa a ganina shi ne fushin da ya tara mutane a 2015 bai rikiɗe ya zama al'ada ba tukuna, domin al'ada shekaru take ci kafin ta kafu. A Jami'ar Nebraska da ke garin Lincoln, inda ake sayar da tikitin kowane wasan gida kaf tun 1962, ƙungiyar ta yi kaka bakwai a jere daga 2017 rashin nasararta ya fi nasararta yawa, amma manoma ba su fasa tuƙo mota sa'o'i zuwa Lincoln ba. Ranar wasa, mutanen da ke cikin filin sun fi na kowane gari a jihar Nebraska yawa, in aka cire Omaha da Lincoln ɗin kanta. Mai karatu da ya san yadda Kanawa ke riƙe da Kano Pillars ko a shekarar da ta faɗa rukuni na ƙasa, ba zai yi mamakin wannan ba.

Babban abin da ke cin wannan al'ada a yau shi ne kuɗin gidajen talabijin. Ƙananan jami'o'in da ke rukunin gasar da ake kira MAC, a jihohi irin su Ohio da Michigan, sun amince su riƙa buga wasanninsu na watan Nuwamba a daren Talata da Laraba domin tashar ESPN ta samu abin nunawa. Kuɗi na shigowa, sunan makaranta na fita a faɗin ƙasa, amma uban da zai tashi aiki da asuba ba zai kai yaransa su zauna cikin sanyin dare a tsakiyar mako ba, shi ya sa kyamara kan nuno layukan kujeru babu kowa. Hatta manyan ƙungiyoyi, sau da yawa ba a sanar da sa'ar fara wasa sai saura kwana goma sha biyu, wani lokaci ma shida. Kasuwar ƙauye tana ci ne saboda kowa ya san ranarta. A riƙa sauya mata rana, fatake za su nemi wata. Ban ce jami'a ta ƙi kuɗin talabijin ba, domin da yawansu ba za su rayu ba sai da shi, amma ya kamata shugabanninta su san cewa masoyan shekaru ashirin masu zuwa suke sayarwa da kuɗin bana.

Akwai kuma yaudarar kai wajen ƙidaya. Hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta daɗe da sharaɗin cewa ƙungiyar da ke babban rukuni ta samu matsakaicin 'yan kallo 15,000, kuma da yake an yarda a ƙirga tikitin da aka biya kuɗinsa ko da mai shi bai zo ba, wasu jami'o'i sun riƙa sa kamfanonin da ke ɗaukar nauyinsu su saye tikitin da yawa don a cike gurbi a takarda. A 2023 hukumar ta soke sharaɗin. Nebraska ma ta kai ga dogaro da attajirai su saye ragowar tikiti don kada tarihinta ya yanke, sai dai a 2021 ta yi abin da ya fi hankali: ta raba waɗannan tikiti ga yaran marasa ƙarfi da iyayensu, yaran da wataƙila ba su taɓa shiga filin ba. Kuɗin da aka kashe ɗaya ne da na tikitin da ke kwana a aljihun tebur, amma a nan an zaunar da yaro ɗan shekara tara a kan kujera, ya ji rurin mutum 85,000 da kunnensa, kuma ofishin sayar da tikiti ya samu sunan gidan da zai aika wa takarda a kaka mai zuwa.