Kai fosum daji ba tausayi ba ne

A biranen Ostireliya irin su Melbon da Sidni akwai wata dabba da ke hana masu gida barci, sunanta fosum. Girmanta kamar na kyanwa, wutsiyarta buzu-buzu, kuma uwar tana rainon ɗanta ne a cikin jakar da ke jikinta kamar kangaru. Wuni take yi a kwance tsakanin rufi da silin, sai magariba ta fito kiwo, kafin asuba ta dawo tana ta dirim-dirim a saman kan mutane. Fitsarinta yana ɓata silin, ga wari, ga cinye furanni da 'ya'yan itatuwan lambu. Duk wanda ya kwana ƙarƙashin silin da jemagu suka mamaye ya san irin wannan takaici.

Abin da mai gida ke fara tunani shi ne ya ɗana tarkon keji da ɗan tuffa a ciki, in ta shiga ya saka ta a mota, ya kai ta daji mai nisa ya sake ta. Ya dawo gida hankalinsa kwance, ai bai zubar da jini ba. Ni kuwa ina ganin kashe ta ya yi, bai dai tsaya ya ga mutuwar ba.

Fosum dabba ce mai yanki. Tana goga ƙirjinta a rassa don barin warinta, ta san kowane reshe da kowace katanga a unguwarta. Dajin da aka jefa ta yana da masu shi, kuma ba sa karɓar baƙo sai da cizo da yaƙushi. Ba ta san inda kogo yake ba, ba ta san inda abinci yake ba, sai ta ƙare a ƙasa, inda yanyawa da karnuka da motoci ke jiranta. Binciken da aka yi a jihar Biktoriya ta Ostireliya, inda aka bi sawun waɗanda aka kwasa aka kai daji, ya nuna akasarinsu ba su daɗe ba suka mutu.

Shi ya sa dokar jihar, wadda ta samo tushe daga dokar kare namun daji ta 1975, ta yi tsauri. An yarda ka kama fosum da ke zaune a cikin gininka, amma dole ka sake ta a harabar gidan, kada ya wuce mita 50 daga inda aka kama ta, bayan faɗuwar rana, a ranar da aka kama ta. Mutane da yawa suna jin wannan sai su ce, to mene ne amfanin kamawar? Tambayar tana da ma'ana, amma ta kauce wa inda matsalar take. Matsalar ita ce ramin da ke rufin. Muddin yana buɗe, ko ka kai wannan bangon duniya, wata za ta bi warin ta tare cikin 'yan kwanaki. Wadda ka bari a harabarka kuwa, ita ce za ta riƙa korar sauran.

Kuma ba son zama da mutane ne ya kawo ta silin ba. Asalin makwancinta kogon bishiya ne, bishiyar turare kuwa takan shekara ɗari ko fiye kafin ta yi kogon da zai ɗauki dabba irin wannan. Irin waɗannan tsofaffin bishiyoyi su ake fara sarewa idan gari zai faɗaɗa.

Aikin da ya kamata ba shi da wuyar fahimta, sai dai yana son haƙuri. A tsaya da magariba a ga ta inda take fitowa. A kafa mata akwatin katako a kan bishiya, sama sosai yadda kare da kyanwa ba za su kai ba, a ɗebo ɗan abin da take kwanciya a kai a zuba ciki don ta ji warinta. Bayan ta fita kiwo a toshe ramin, ko a sa ƙofar da ke buɗewa ta waje kawai. A datse rassan da ke taɓa rufin, a wanke bakin ramin. Babban abin kiyayewa shi ne a tabbatar ba a rufe da wata a ciki ba, musamman uwa mai ɗa. Idan kuma sai an yi amfani da keji, kada a bar ta cikin rana ba ruwa ba inuwa. Mu da muka san hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha, ba sai an yi mana dogon bayani a nan ba.

Wani zai kawo zancen Niyu Zilan, inda ake kashe wannan dabbar da tarko da guba, har gwamnati ta sanar a 2016 cewa tana son kawar da ita baki ɗaya kafin 2050. Ban ga saɓani ba. Can Turawa ne suka kai ta a ƙarni na 19 don cinikin gashinta, ta yaɗu babu mai cin ta, tana cinye ganyen itatuwan ƙasar da ƙwayayen tsuntsaye, tana kuma yaɗa tarin fuka ga shanu. A Ostireliya kuwa gida take, ta riga biranen zuwa.

Ƙorafin da na yarda da shi shi ne na kuɗi da ƙarfi. Tsohuwar da ke zaune ita kaɗai ba za ta hau tsani ta toshe rufi ba, kiran mai lasisin kamawa kuma yana da tsada. Dokar da ta hana ta kai dabbar nesa ya dace ta zo da taimako: ƙananan hukumomi su sauƙaƙa kuɗin akwatunan da na gyaran rufi ga marasa hali, su kuma daina ba da izinin sare tsofaffin bishiyoyi masu kogo sai in babu makawa.