Dorugu ya ba da labarinsa, sauran mutanen Damagaram fa?

Cikin littattafan da ba ƙagaggu ba, na tarihin rayuwa na fi karantawa, wato inda mutum yake ba da labarin kansa da kansa. Yawan karatun ya kai ni ga wani ra'ayi da na san ba zai yi wa kowa daɗi ba: akasarin waɗanda manyanmu suke rubutawa ba sa ƙosar da mai karatu. Tsohon minista ko tsohon hafsan soja ya bar aiki, ya fitar da littafi da Faransanci, an buga a waje, kuɗinsa ya fi ƙarfin aljihun malamin lakwal. Kana buɗewa sai ka tarar da jerin muƙamai da taruka da tafiye-tafiye, da kuma wanke kai daga duk abin da ya lalace a zamaninsa. Za ka kai ƙarshe ba ka san nawa ake sayar da tiyar hatsi a shekarun da yake kan kujera ba, ba ka ji tsoron da ya ji ba, ba ka ga inda ya yi nadama ba. Wannan yana damuna, domin mutanen nan sun ga abubuwa da yawa, kuma ƙasa tana da haƙƙi a kan abin da suka gani.

Abin da ya sa nake da ƙarfin gwiwar faɗin haka shi ne ɗan ƙasar nan tamu ya riga ya nuna yadda ake yi, tun fiye da shekara 160 da suka wuce. Dorugu yaro ne daga Dambanas, can wajen Kance. An kama shi bawa yana ƙarami, aka bi da shi ta Zinder, aka kai shi Kukawa ta Barno, inda Bajamushe Overweg ya ƴanta shi. Bayan rasuwar Overweg a 1852 ya bi abokin tafiyarsa, Bajamushe Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, har Tumbutu, daga baya suka ƙetare Sahara suka isa Ingila a 1855. A can ya zauna da wani ɗan mishan mai suna Schön ya riƙa ba shi labarin rayuwarsa da Hausa, shi kuma yana rubutawa, aka buga a 1885 cikin littafin Magana Hausa. Dorugu ya dawo ƙasar Hausa, ya rasu a Kano a 1912.

Ba sarki ba ne, ba malami ba ne, bai ci yaƙi ko ɗaya ba. Amma duk wanda ya karanta labarinsa zai ji yadda bauta take daga bakin wanda aka raba da ubansa, aka sayar daga hannu zuwa hannu. Zai kuma ga Turawa ta idon Bahaushe, yadda suke zama a teburi su ci abinci, abin da ya ba shi mamaki da wanda bai burge shi ba. A yawancin littattafan wancan zamani su ne ke kallonmu suna rubutawa. A nan namu ne yake kallonsu. Gaskiya ne maganar ta bi ta hannun Schön, wanda buƙatarsa ita ce ya tattara Hausa don aikinsa na mishan, kuma mai karatu ya kamata ya riƙe wannan a ransa. Duk da haka muryar yaron ba ta ɓace ba.

Yanzu mu duba abin da muke da shi a rubuce kan garin nan namu, Zinder. Baturen Ingila Richardson ya sauka Zinder a farkon 1851, Barth a ƙarshen 1852, kowanne ya rubuta abin da ya gani. Kisan hafsan sojan Faransa Cazemajou a 1898, yaƙin Tirmini da Faransawa a 1899, tuɓe Sarki Amadu ɗan Basa a 1906, shekarun da Zinder ta yi tana babban birnin Nijar daga 1911 har aka mayar Yamai a 1926, mafi yawan takardunsu na Nasara ne, an rubuta su ne don shugabanninsu. Marigayi André Salifou ya yi babban ƙoƙari da littafinsa kan Damagaram ta ƙarni na 19 da ya fito a 1971, Allah ya saka masa. Sai dai aikin masanin tarihi daban, shaidar wanda abin ya faru a kansa daban.

Na san abin da za a ce. Bahaushe yana da kunya da kawaici, kuma an ce yabon kai jahilci ne. Ga rufin asiri: wa zai yarda a buga cewa kakarsa baiwa ce, ko a wane ɓangare mahaifinsa ya tsaya lokacin da ake farautar ƴan jam'iyyar Sawaba a 1964? Ban raina wannan uzuri ba, don a gari irin namu magana ɗaya tana iya ɓata zumuncin shekaru. Amma ana iya sakaya suna, ana iya ajiye rubutu sai bayan rai. Batun yabon kai kuwa, littattafan manyan ne suka faɗa cikinsa. Matar da ta ba da labarin yadda ta ciyar da ƴaƴanta a shekarar yunwa ba ta yabi kanta ba, shaida ta bayar.

Wata gwaggona a Birni na taɓa tambaya: “Gwaggo, yaya kuka yi a shekarar El-Buhari?” Wato yunwar 1984. Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce: “Ɗana, na kan ɗora tukunya da ruwa zalla, in hura wuta, yara su ga hayaƙi su yi barci suna jiran tuwo.” Ta faɗi yadda ta sayar da tasoshin aurenta ɗaya bayan ɗaya a kasuwar Dole, da wadda ta hana kanta sayarwa don ta uwarta ce. Babu rahoton hukuma da zai ba ka wannan. Idan aka ce tsofaffi suna mantuwa, suna cakuɗa shekaru, haka ne. Maganin shi ne a ji daga baki da yawa a gwada, kamar yadda alƙali yake yi da shaidu.

Masu labari kuwa sun cika gari. Dukawa da majema da suka sa aka san fatar Zinder, ƴan ga-ruwa da suka yi shekaru suna tura kura lokacin da famfo ya ƙafe, waɗanda suka yi dakon gyaɗa sa'ad da take da daraja, matan Kance masu zuwa Aljeriya, musamman dangin mutum 92 da ƙishirwa ta kashe a hamada a watan Oktoban 2013.

Aikin bai fi ƙarfinmu ba. Wayar da ke aljihun kowane ɗalibi na Jami'ar André Salifou tana ɗaukar murya. Malamansu na tarihi da na harsuna za su iya sa kowa ya zauna da tsoho ɗaya, da izininsa, ya rubuta maganar yadda ta fito, da Damagaranci, ba tare da gyara ta zuwa Hausar Kano ko Faransanci ba. Tun da aka ayyana Hausa harshen ƙasa a 2025, hukumomin ilimi suna da dalilin ɗaukar nauyin bugawa da araha. Kuma tunda da yawa daga masu labarin ba sa karanta boko, gidajen rediyon garin su riƙa karanta shi da dare, mai labarin ya ji da kunnensa, in akwai inda aka yi masa kuskure ya aiko a gyara.