Babbar manhajar hoto ta ishe ni

Wallahi na gaji! Shekara da shekaru ina zuba hotunan biki a folda, in buɗe da 'yar ƙaramar manhajar da ta zo da kwamfuta, shi ke nan. Sai aka ce ai ƙwararre babbar manhaja yake riƙewa, na biye. Yanzu kafin in ga hoto ɗaya sai na shigo da shi cikin katalog, wato kundin da manhajar ke lissafa hotuna, hoton da ke zaune a cikin kwamfutata! Daga ina zan shigo da shi, daga Makka? Kamu, ɗaurin aure, buɗar kai, hoto 2,000 na RAW, wato ɗanyen hoto yadda ya fito daga kyamara, kowanne megabait 25, manhajar ta tsaya tana haɗa ƙananan samfuran hotunan, fankar kwamfuta na kuka kamar injin markaɗe, a yi la'asar a yi magariba ba ta gama ba. Ranar da na sauya wa folda suna daga waje kuwa, alamar tambaya ta cika allo, wai ta nemi hotuna ta rasa. Ta rasa? Ga su ina kallonsu! Ashe adireshin inda hoto yake kawai katalog ke riƙewa. Na tura wa uwar amarya hoto, ta bugo: "Malam, ba ya buɗuwa fa." Sai na fitar da shi JPEG tukuna. Ga alamomin tantance hoto: ga tauraro, ga tuta, ga launi, duk ni zan liƙa wa kowane hoto? Sannan duk wata a zare min kuɗi da dala, har watan azumi da babu biki ko ɗaya!