Lula na Brazil: Matakalar Da Ya Taka Daga Masana'anta Zuwa Fadar Mulki

Duk mai ba da labarin Luiz Inácio Lula da Silva, ɗan ƙwadagon da ya zama shugaban ƙasar Brazil, da talauci yake farawa, kuma ba ƙarya yake yi ba. An haife shi a 1945 a Caetés, jihar Pernambuco, yankin da fari ya addaba a arewa maso gabashin Brazil. Yana ɗan shekara 7 mahaifiyarsa ta kwashe su a bayan babbar mota, tafiyar kwana 13, zuwa jihar São Paulo. Ya yi talla, ya yi gogen takalma, karatunsa bai wuce firamare ba. Sai dai yaran da suka yi irin wannan ƙaura ba su ƙirguwa. Abin da ya fitar da shi daga cikinsu ƙungiyar ƙwadago ce.

Ya koyi aikin injin sassaƙa ƙarfe a cibiyar koyon sana'a ta SENAI, a 1964 kuma inji ya datse masa ƙaramin yatsan hagu. Yayansa Frei Chico ne ya ja shi cikin ƙungiyar maƙeran São Bernardo do Campo, wani gari kusa da birnin São Paulo, ya zama shugabanta a 1975, lokacin sojoji ke mulki.

Nan ne basirarsa ta bayyana. A 1977 asiri ya tonu cewa gwamnati ta rage alƙaluman hauhawar farashi na 1973, abin da ya zaftare wa ma'aikata albashi. Lula bai tara su da dogon jawabin aƙida ba. Lamba guda ya ɗora musu: a mayar da kashi 34.1 cikin ɗari. Leburan da ke tsoron siyasa ba ya tsoron neman guminsa. Yajin aiki ya ɓarke a kamfanin ƙera motoci na Saab-Scania a watan Mayun 1978, ya bazu. Na 1980 ya kai kwana 41, saboda an tanadi asusun ciyar da iyalan masu yajin, cocin Katolika kuma ya ba su mafaka. Lula ya kwana 31 a tsare, a shekarar da aka kafa jam'iyyar ma'aikata ta PT.

Ƙuri'ar ma'aikata kaɗai ba ta cin zaɓen ƙasa. Ya faɗi a 1989 a hannun Fernando Collor, ya sake faɗuwa a 1994 da 1998 a hannun Fernando Henrique Cardoso, wanda shirinsa na sabon kuɗin ƙasa mai suna Real ya sa talakawa suka yarda da shi don ya karya tsadar kaya. Kuskuren PT a 1994 shi ne raina wannan shiri, alhali mai cefane yana ganin sauƙin da idonsa.

A 2002 Lula ya gyara lissafi. Ya ɗauko attajirin masaƙa José Alencar a matsayin mataimaki, ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa yana alkawarin mutunta yarjejeniyoyi da biyan bashin ƙasa, ya kuma yi nasara da kusan kashi 61 a zagaye na biyu. Wasu na kiran wannan cin amanar aƙida. Ban yarda ba, domin ba don haka ba da shirin tallafin Bolsa Família bai samu mai kafa shi ba a 2003.

Inda ya kamata a tuhume shi daban ne. PT ta samu kujeru 91 kacal cikin 513 na majalisar wakilai, dole ta nemi ƙawaye, kuma hanyar da wasu jiga-jiganta suka bi ita ce sayen goyon bayan 'yan majalisa da kuɗi. Badaƙalar ta fashe a 2005, ta ci kujerar José Dirceu, na hannun daman Lula, kotun ƙoli kuma ta samu Dirceu da laifi a 2012.