Tallafin na'urar ji ya kamata ya haɗa da batir da gyara

A ƙasar Ostareliya, idan kunnen dattijo mai katin rangwame na 'yan fansho ya fara nauyi, gwamnati ce ke biyan kuɗin auna jinsa da na na'urar da za a saka masa, sannan idan ya yarda ya riƙa biyan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba duk shekara, batir da gyara su ma an ɗauke masa. Tsoffin sojoji da dama suna cikin tsarin, haka nan yara da matasa 'yan ƙasa da shekara 26. Hukumar da ke kula da yaran, Hearing Australia, ta samo asali ne tun 1947, lokacin da aka tashi taimaka wa sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu da matsalar kunne, da yaran da annobar rubela, wata cuta mai kama da ƙyanda da ke illata ɗan da ke ciki idan ta kama mai juna biyu, ta sa aka haife su kurame. A Birtaniya kuwa aron na'urar ake ba mutum kyauta, tare da batir da gyara.

Abin da ya fi cancantar a lura da shi a waɗannan tsare-tsare shi ne kulawar da ke biyo bayan saka na'urar. Sai ƙwararre ya auna kowane kunne, ya gano irin sautin da ya ɓace, sannan ya daidaita na'urar da shi. In ba haka ba hayaniya kawai za ta cika wa mutum kai har ya cire ta. Ƙaramin batirinta yakan ƙare cikin mako ɗaya ko biyu, zufa da ƙura suna toshe ta, robar da ke shiga cikin kunnen yaro kuma dole a riƙa sake ta yayin da yake girma. Shi ya sa rabon da akan yi a wurinmu, inda ake tara jama'a a ɗauki hoto a miƙa wa kowa kwali, ba ya zuwa ko'ina. Batir na ƙarewa sai na'urar ta koma ƙasan akwati, yaron kuma ya koma bayan aji yana kallon bakin malami, ana kiransa daƙiƙi alhali ji ne ba ya yi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2021 mutum miliyan 430 ne ke buƙatar kulawa saboda raunin ji, kusan kashi 80 cikin ɗari kuma suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ko matsakaici. Arewacin Najeriya da kudancin Nijar suna cikin yankin da sanƙarau ke yawan aukuwa, kuma kurumta na cikin abin da ya fi bar wa waɗanda suka tashi daga gare shi. Ga ƙyanda, ga ciwon kunne mai zubar da ruwa da ake yi wa sakaci, ga allurai irin su jentamaisin da ke iya lalata ji idan an yi su ba bisa ƙa'ida ba, ga mai injin niƙa da ke wuni cikin ƙara shekara da shekaru.

Za a ce Najeriya ba ta da aljihun Ostareliya, kuma zazzaɓin cizon sauro da mutuwar mata wajen haihuwa sun fi gaggawa. Wannan magana ce mai hujja, amma ba ta hana a fara da waɗanda jinkiri ya fi cutarwa. Yaron da bai ji magana ba a shekarunsa na farko da wuya harshensa ya buɗe yadda ya kamata, ko da an saka masa na'ura daga baya. Najeriya tana da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna tun 1999, dokar inshorar lafiya ta 2022 kuma ta tanadi asusu domin marasa galihu. A ganina, ya wajaba a saka awon ji, da na'urar, da batir, da gyara na yara ƙanana cikin abin da wannan asusu zai biya, gwamnati ta sayo na'urorin a dunƙule domin farashi ya sauko, a kuma horar da ma'aikatan manyan asibitocin jihohi su iya daidaita su. Duk yaron da aka kwantar saboda sanƙarau kuwa, a auna jinsa kafin a sallame shi, a ba iyayensa ranar da za su dawo da shi.