Faifan Bazazzagi a Bakin Bahar Maliya

(Juma'a ce bayan la'asar, a wani lambun shaƙatawa kusa da bakin teku a Jidda. Fili ne fetal, ciyawa a shimfiɗe, babu tudu babu kwari, sai 'yan dabino can bakin titi. Iyalai sun baza darduma suna shan shayi. Bazazzagi, ɗalibin jami'a, ya kafa wani ƙarfe mai kwando da sarƙoƙi a tsakiyar fili. Alhaji Bakano da Alaramma da Jauro sun kewaye shi.)

ALHAJI: To bawana, ga mu. Ka sa na rufe shago a Bab Makka na taho. Ina naman?

BAZAZZAGI: Wane nama kuma, Alhaji?

ALHAJI: Wannan ba abin gashi ba ne? Ga mazubin gawayi, ga sarƙar rataye kaji.

BAZAZZAGI: Ka ji Bakano, komai ya gani sai ya hango ciki ko riba. Kwandon wasa ne, golf ɗin faifai. Daga nesa za ka wurgo faifan roba. Inda ya faɗi nan za ka je ka tsaya ka sake wurgawa, har ya shiga. Sarƙoƙin nan su ke tare shi ya zube a kwando.

ALHAJI: Golf? Irin wanda manya suka riƙa bugawa a Birnin Sarki Abdullah ana raba daloli?

BAZAZZAGI: Ƙaninsa ne. Wancan sai da sanduna da kuɗin shiga. Wannan faifai ɗaya ya ishe ka, kuma yawancin filayensa kyauta ne.

ALHAJI: Kyauta. Yanzu na gane abin da ya kai Bazazzagi.

ALARAMMA: Dakata, ɗan nan. Wa ya ƙago shi? Ni ba na shiga abin da ban san silsilarsa ba.

BAZAZZAGI: Allah gafarta Malam, wani Ba'amurke ne, Ed Headrick, tsohon ma'aikacin kamfanin Wham-O masu yin faifan Frisbee. A 1975 ya tsara fili na farko a Oak Grove, jihar Kalifoniya. Da farko turke kawai ake jifa, sai gardama ta yi yawa, wannan ya ce na taɓa, wancan ya ce ban gani ba.

ALHAJI: Ashe har can akwai Zage-zagi.

BAZAZZAGI: Shi ne ya ƙera kwandon sarƙa, aka ba shi rajistarsa a 1977. Ƙungiyar 'yan wasan ma, PDGA, shi ya kafa ta a 1976.

ALARAMMA: Yana nan da ransa?

BAZAZZAGI: Ya mutu a 2002. Ai shi ne ya bar wasiyya aka ƙone gawarsa, aka gauraya tokar da robar wasu faya-fayan.

(Alaramma ya saki faifan da ke hannunsa, ya yi taku uku da baya.)

ALARAMMA: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Tun ɗazu mutum nake riƙe da shi?

BAZAZZAGI: A'a Malam, 'yan kaɗan aka yi. Wannan ta intanet na saya, babu kowa a ciki.

ALARAMMA: Ka fasa ka duba?

BAZAZZAGI: Ba a fasawa.

ALARAMMA: To shakka ta shiga. Da gefen hirami zan riƙe shi.

BAZAZZAGI: Ku lura, iri uku ne. Wannan mai kaifin baki na nisa ne. Wannan na tsaka-tsaki. Wannan mai kaurin baki shi ake sa wa a kwando in an zo kusa.

ALHAJI: (Yana auna shi a tafin hannu.) Bai kai rubu'in kilo ba.

BAZAZZAGI: Doka ta hana ya wuce giram 200.

ALHAJI: Kada ka faɗa mini kuɗinsa, ina da hawan jini.

BAZAZZAGI: Ga alƙalami. Kowa ya sa shaida a bayan nasa. Masu wasan kan rubuta suna da lambar waya, ko da ya ɓata a kira su.

JAURO: Aradu ba na rubutawa. Abu ya tashi sama da sunana, na san gilashin motar wa zai sauka a kai? Askar, ɗan sandan nan, ya ɗauka, ya ga Jauro, ya ga lamba, halas.

ALHAJI: Ba ka da igama ne, takardar izinin zama?

JAURO: Ina da igama. Igama ba ta biyan gilashi.

(Jauro ya zana ƙaho biyu a bayan nasa. Alhaji kuwa ya cika nasa taf: suna, sunan shago, lambar waya, har da "akwai shadda da turaren wuta, sari da ɗai-ɗai". Suka taka zuwa inda Bazazzagi ya ajiye takalmi a matsayin layin farawa.)

ALHAJI: Yanzu wannan ne wasan? Fili ƙwal haka, ko itace ɗaya babu tsakanina da kwando? Ai ko da ido a rufe na ci.

BAZAZZAGI: Nan gizo ke saƙar. A ƙasashe irin su Finlan cikin kurmi ake yi. Can in ka yi ɓarna sai ka nuna itace ka ce shi ya tare ka, kowa ya tausaya. Nan wa za ka nuna? Kai ne, sai iska, sai 'yan kallo.

ALARAMMA: Iska kuma? Wane irin iska?

BAZAZZAGI: Mai kaɗawa, Malam, ba mai hawa kai ba. Ba ka jin wadda ke tasowa daga teku? In tana bugo maka fuska, ɗaga faifan take yi ta karkatar da shi dama, ga mai jifa da bayan hannun dama ke nan. In tana bayanka, danne shi take yi ya faɗi da wuri. In babu iska, da ƙarfinsa ya ƙare hagu yake lanƙwasawa. Sirrin duka shi ne kada ka bar hancin faifan ya kalli sama. Ku matsa in nuna muku.

(Ya cire agogo, ya miƙa wa Jauro. Ya tsinki ciyawa ya watsa don ya ga inda iska ta nufa. Ya yi taku na gwaninta ya saki. Faifan ya miƙe sama kamar shirwa ta ga hayaƙi, ya tsaya cak, ya yi tunani, ya dawo ya sauka bayan takalmin.)

ALHAJI: Allahu akbar! Ya je ya gaida iska ya dawo gida. Tarbiyyar Zariya ke nan.

BAZAZZAGI: Hancin ne ya ɗan ɗaga.

ALHAJI: Naka ko nasa?

JAURO: Yanzu shi wannan ci gaba ya yi ko bashi ya ci?

BAZAZZAGI: Malam, bismilla. Daƙiƙa 30 doka ta ba ka.

ALARAMMA: Daƙiƙa 30? Ko Ƙulhuwallahu ƙafa uku ban gama ba.

(Alaramma ya fuskanci gabas, ya tuna a Jidda yake kuma Makka na nan kusa, ya ƙara gyara tsayuwa. Ya yi addu'a mai tsawo, ya tofa wa faifan, ya shafa. Faifai da hirami suka tafi tare. Hirami ya fi nisa.)

ALARAMMA: Inda hirami ya faɗi za a ƙirga.

BAZAZZAGI: Inda faifai ya faɗi, Malam.

ALARAMMA: Akwai saɓanin malamai.

ALHAJI: Ku kauce ku ga yadda ake abu a Kurmi.

(Alhaji ya tattare hannun riga, ya wurga da ƙarfin tsiya. Faifan ya daki ƙasa da gefe, ya miƙe tsaye, ya kama gangarawa. A shimfiɗaɗɗen fili babu abin da zai tsayar da shi. Ya wuce kwando, ya wuce wasu yara masu keke, ya nufi wata darduma.)

ALHAJI: Kun gani? Da gangan na yi.

BAZAZZAGI: Abin haushin, akwai irin wannan jifar a wasan. Gwanaye na yin ta a gajeriyar ciyawa. Amma su kwando suke nufa.

ALHAJI: Ni ma can na aike shi, hanya ya canja.

BAZAZZAGI: Jauro, zo in nuna maka yadda ake riƙo. Yatsu huɗu a ƙarƙashi, babban yatsa a...

(Jauro bai saurara ba. Ya ɗan rusuna, ya fizge shi ta gefe, ƙasa-ƙasa, daidai ƙugu. Faifan ya tafi a miƙe bai ko gaida iska ba. Sarƙoƙi suka ce caras.)

BAZAZZAGI: Jifa ɗaya! Wallahi mutane na shekaru ba su yi wannan ba. Wa ya koya maka?

JAURO: Tumakin kafil, maigidana. In tunkiya ta nufi titi, sanda ba ta da lokacin zuwa sama.

ALHAJI: Allah sarki Jauro, ɗaya tal. Kada ka damu, za ka koya. Ni yanzu na fara tarawa.

BAZAZZAGI: Alhaji, mai ƙarancin jifa shi ne ya ci.

ALHAJI: A wace kasuwa ɗaya ya fi goma?

BAZAZZAGI: A kasuwar bashi.

(Suka isa dardumar. Hajiya mai tuwo ce da jikokinta. Faifan Alhaji na kwance rabi cikin kwanon miyar kuka.)

HAJIYA: Wane mara ta-ido ne ya jefo mini murfi a miya?

BAZAZZAGI: Hajiya, a yi haƙuri, wasa muke. Doka ta ce mai faifan ya sa ƙafa daidai bayan inda ya faɗi ya sake jifa.

HAJIYA: Ya sa ƙafa a dardumata? Ɗan nan, kira shi ya zo ya sa. Ina nan da muciya.

(Alhaji ya laɓe bayan Jauro, ya rufe rabin fuska da hula. Jauro siriri ne, Alhaji kuwa ba siriri ba ne.)

HAJIYA: Kai! Ba Alhajin Bab Makka ba ne wancan? Mai cin tuwona tun azumi, riyal 40, kullum waya a kashe?

ALHAJI: (Da raɗa.) Bawana, babu wata doka da ke cewa wuri ya zama haramtacce?

BAZAZZAGI: Akwai. In faifai ya fita iyaka, sai ka koma inda ya tsallaka, a ƙara maka jifa ɗaya tara.

ALHAJI: To dardumar nan wajen iyaka ce. Ƙara mini biyu ma.

ALARAMMA: Alhaji, bashi hanji ne, yana cikin kowa. Amma naka ya fito fili.

HAJIYA: Malam, zauna ka ci tuwo, kai ba ka ci mini komai ba.

ALARAMMA: (Ya zauna.) Na yi murabus daga wasan. Da ma akwai shubuha.

HAJIYA: Faifai kuma ya zama jingina. Ummi, ɗauraye shi ki karanto mini abin da ke baya.

(Bazazzagi ya ara wa Alhaji mai kaurin baki. Jifa bakwai Alhaji ya yi kafin ya zo kusa da kwando, kowace da uzurinta: rana, riga, wani Balarabe da ya yi tari. Ya tsaya taku huɗu daga kwandon.)

BAZAZZAGI: Yanzu kana cikin mita 10. In ka saki, kada ka tsallake alamarka sai ka nuna ka tsaya daram.

ALHAJI: Ku yi shiru. Wannan ta tarihi ce.

(Ya saita. Ya ja numfashi. Waya ta kama ruri a aljihunsa. Faifan ya daki ƙarfen kwando ta waje, ya gangara ya koma wajen dabino.)

ALHAJI: Wa ke da sabuwar lambar nan? Mutum uku kaɗai na ba wa!

(Can kan darduma Hajiya na ɗaga waya da hannu ɗaya, faifai da ɗaya.)

HAJIYA: Ta shiga! Ummi, ajiye ta da suna Alhaji Riyal Arba'in.

JAURO: Da ƙaho ka zana.

BAZAZZAGI: Yalla, a cire kwando a kai gaba. Saura takwas.

ALHAJI: Takwas me?

BAZAZZAGI: Zagaye tara ne ƙarami, babban 18. Kwando ɗaya gare mu, don haka wanda ya zo na ƙarshe shi ke ɗauka. Na gaba can bayan dardumar Hajiya za mu kafa shi.

ALHAJI: Jauro, ranta mini riyal 40.

JAURO: Rubuta mini lambarka tukuna. Ta gaskiyar.